Tsohuwar Golf a Ƙofar Gida: A Riƙe ko a Rabu?

A shekarar 1991 kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf ta uku, kuma kafin shekarar 2000 ta kama ya riga ya daina ƙera ta. Ke nan duk wata Golf 3 da ke zirga-zirga yau tsakanin Kano da Katsina, ko wadda ke kwana a ƙofar gidan wani malamin makaranta a Gusau, ta ba shekara 25 baya. Haka tsohuwar Toyota Starlet da 'yan tasi suka riƙe a Yamai, a 1999 aka rufe ƙera ta. Peugeot 206 ce ƙanwarsu, ita ma a 1998 ta fara fitowa. Galibinsu sun gama rayuwarsu ta farko a Turai, aka ɗoro su a jirgin ruwa zuwa Kwatano, sannan suka zo suka fara ta biyu a cikin ƙurarmu da zafinmu.

A da lissafin mai ƙaramar mota ba shi da wuya. Ya saya, ya more ta shekara uku ko huɗu, in ta fara yawan kwana a gareji ya miƙa wa dillali, ya cika kuɗi ya ɗauko wata 'yar Kwatano. Yanzu hanyar ta ƙuntata. A farkon 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen naira 460 a hukumance ta zarce 1,500 a cikin 2024, kuɗin kwastan kuma ya bi ta a baya. Ma'aikacin da albashinsa bai ninka ba, da ya dubi tsohuwar motarsa sai ya ga babu ranar rabuwarsu nan kusa.

Ni a ganina riƙon shi ne daidai ga mafi yawan mutane, amma da sharaɗi ɗaya: mai mota ya daina zama direba kawai. Ba ina nufin ya koma bakanike ba. Abin da ke kashe waɗannan motoci a wurinmu kusan duka ana iya ganinsa tun yana ƙarami, a tsakar gida, da tocila da tsumma, kuma ba wanda yake tare da motar kullum sai mai ita.

Zafi ne kan gaba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a cunkoson Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, ma'aunin zafi ya wuce 40, allurar da ke gabansa tana hawa a hankali, ya san wannan fargaba. Kuma a nan ne aka fi yi wa motoci illa da sunan magani. Da motar ta iso hannu sai ka ji bakanike ya ce, "Alhaji, wannan tamostat ɗin ƙasar sanyi aka yi wa shi, bari mu cire, mu haɗa fanka dairek." Maganar tana da daɗin ji, shi ya sa ta zama al'ada. Amma injin yana da zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, a Golf 3 kuwa allurar a kan 90 ya kamata ta zauna. Tamostat ƙofa ce da ke rufe hanyar ruwa har injin ya ɗumama, sannan ta buɗe. In aka cire ta, da safe, musamman a hunturu, injin zai daɗe yana aiki a sanyaye, na'urar da ke auna masa fetur ta ci gaba da ƙara masa, tana ɗauka bai tashi ba tukuna. Fetur ya ƙone a banza, wanda ya rage kuma ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya yi ta ci. Fankar da aka haɗa dairek tana juyawa daga tayar da mota har kashewa, tana cin kanta, tana wahalar da caji. Mafi muni, ainihin ciwon yana nan ba a taɓa shi ba.

Ainihin ciwon sau da yawa ruwan da muke zubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, in suka daɗe suna tafasa sai su bar farin dasashi a cikin siraran bututun lagireto, su kuma cinye ƙarfe da tsatsa. Wanda ya buɗe robar ruwan motarsa ya tarar da shi ja-ja-ja da tsatsa, to aikin ya riga ya yi nisa. Ruwan sanyaya injin da ake sayarwa a galan, kore ko ja, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma dalilin sayensa ke nan ko a ƙasar da ba a san ƙanƙara ba. Sai murfin ruwa. Ruwa a fili yana tafasa a kan 100, amma murfi mai kyau yana riƙe matsin da zai sa ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu, ko wanda aka naɗa wa leda don ya kama, yana iya ƙona gaskit ɗin injin gaba ɗaya, alhali kuɗinsa bai kai na fetur ɗin kwana biyu ba. Golf 3 kuma tana da nata rauni: akwai mahaɗar bututun ruwa ta roba mai tauri a jikin kan injin, wadda shekaru da zafi ke sa ta tsage. Ɗigo take farawa da shi, sai ka ga busasshen fari ko ja a gefenta. Wanda ke ɗaga bonet da safe, kafin ya tayar da mota, zai gani. Wanda ba ya ɗagawa, sai a hanyar Zariya tururi zai sanar da shi. In kuwa hakan ta faru, a kashe injin a jira ya huce. Buɗe murfin ruwa da zafinsa ya ƙona fuskoki da hannaye masu yawa.

Baƙin mai shi ne na biyu, kuma a nan ba bakanike ne mai laifi ba, mu ne. Mutane da yawa ba sa yin juye, ƙari kawai suke yi: in ya ragu a sayi lita ɗaya a zuba, a haka har shekara ta zagayo. Man da ya tsufa ya riga ya cika da ƙura da toka da fetur ɗin da ya tsiyayo masa, ƙarin sabo ba ya wanke shi. Ga tsohon injin da ke aiki cikin ƙura da cunkoso da gajerun tafiye-tafiye, juye a kowace kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ba almubazzaranci ba ne, kuma a canza filta a kowane juye. Da yake mitar yawancin motocin nan ta daɗe da mutuwa, kwanan wata ne abin dogaro. Duba mai kuwa ba ya cin minti biyu: mota a kan daidaitacciyar ƙasa, injin a kashe ya huta, a zaro sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. A buɗe murfin zuba mai a leƙa ƙasansa. In aka ga kumfa mai kauri kamar shayin da aka cika wa madara, kuma ruwan mota yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ruwa ya fara shiga mai, gaskit ya tafi. Hayaƙin salansa ma yana ba da labari: shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi fetur ne ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama kuwa ruwa ne. Ita kuma jar fitilar nan mai hoton butar mai, in ta kama ana cikin tafiya, ba a cewa bari in ƙarasa gida. Mita ɗari biyar na iya zama bambanci tsakanin gyaran famfon mai da injin da ya buga.

Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, ana ɗura shi a galan ɗin kamfanoni na gaske. Gara a sayi mai rufaffen baki a gidan mai ko wurin dilan da aka sani, a tsaya a ga an buɗe shi an zuba, sannan a huda galan ɗin kafin a yar. Wani abin da masu sayen mota ya kamata su sani: akwai wani mai kauri da ake zubawa a injin da ke hayaƙi don ya yi shiru na ɗan lokaci. Dillalai sun san shi sarai.

Ƙura da fetur suna tafiya tare. Iya kilina takarda ce, kuma hunturu ɗaya ya isa ya toshe ta. Kai ta wurin mai faci ya hura mata iska da ƙarfi yana yage ƙananan ramukanta, daga nan yashi ya samu hanya zuwa cikin silinda. A kaɗe ta a hankali, in aka ɗaga ta sama hasken rana bai ratsa ba, a sayi sabuwa. Tsadar fetur kuma ta koya wa mutane tafiya da tanki a ƙasa kullum, lita uku yau, lita huɗu gobe. Ba wanda zai zargi mai ƙaramin albashi da wannan, sai dai a motar injekta famfon fetur a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin da ya lulluɓe shi ne ke sanyaya shi, kuma dattin da ya kwanta a ƙasa shi zai yi ta zuƙa. Haɗa da man 'yan bumburutu da ba a san me ya gauraya da shi ba. Ko na gidan mai ba kullum yake da tsarki ba: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, motoci da dama suka lalace kafin a janye shi. Filtar fetur ba ta da tsada, amma da wuya ka ga wanda ya canza ta kafin mota ta fara shaƙewa.

A nan ne ake zuwa ga wata shawara da aka fi ba masu Golf: a cire injekta a sa kafireto. Na fahimci dalilin. Kafireto kowane bakanike a kowane ƙauye zai iya kwance shi ya wanke. Amma sau da yawa abin da ya hana injekta aiki ɗan ƙaramin abu ne, sensar zafi ko tsagaggen bututun iska ko waya da ta saki, wanda ba a samu mai haƙurin nemowa ba. Wanda ya yarda aka juya masa, zai biya bambancin a gidan mai kowane mako har ranar da zai sayar da motar.

Akwai abin da ido ba ya gani, kuma ba ya gargaɗi: taimin bel. Yana ɓoye a bayan murfin roba, shi ke haɗa juyawar ƙasan injin da samansa. Ranar da ya tsinke a 206, fistin zai doki bawul, gyaran da zai tsaya a kuɗin bel ya koma kwance kan injin. Kamfanoni kan ba shi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 ko shekara huɗu zuwa biyar, gwargwadon injin. Wanda ya sayi tsohuwar mota bai san ranar da aka canza shi ba, ya ɗauka ba a taɓa ba, ya canza, tare da abin da ke ɗaure shi. A 206 bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, don haka a haɗa da shi a aiki ɗaya. Wannan ba aikin gida ba ne. Haƙori ɗaya in ya goce, motar ba za ta sake daidaita ba.

Ita 206 tana da wata alama da kowa zai iya karantawa. Tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya. In samansu ya karkata ciki, suna neman goga jikin mota, to boris ɗin da ke cikin gatarin baya sun mutu, kuma in aka bari sai an canza gatarin ɗungurungum. Golf 3 kuwa tsatsa ce abokiyar gabarta tun daga Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Busasshiyar iskarmu ta yi mata rana, ta rage saurin cin, amma damina na iya tayar da shi. A ƙarƙashin gilashin gaba, inda wayfa ke kwanciya, akwai wani kwarin da ruwan sama ke bi ya fita ta ƙananan ramuka. Motar da ke kwana a gindin darbejiya, ganye da 'ya'yan itacen suna taruwa a nan su ruɓe su toshe ramukan. Ruwa ya taru, ya gangara ƙarƙashin kafet, kuma a cikin wannan kwarin ne kwamfutar injin Golf 3 take zaune. Kafin ruwan farko ya sauka a sa hannu a kwashe dattin, a zuba ruwa buta ɗaya a ga ya fita ta ƙasa. Bayan ruwa mai ƙarfi a ɗaga kafet a taɓa.

Birki da taya ba sa buƙatar dogon bayani. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba, in kuma yana raguwa a nemo dalili maimakon a yi ta ƙari. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta a gefenta, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zane mai zurfi alhali robarta ta bushe, kuma kwaltar bazara ba ta yi wa irin wannan uzuri. A auna iska da safe taya na sanyi, da ma'aunin kanka, don na masu faci da yawa bugu da ƙafa ya fi su gaskiya.

Wuta ita ce inda tsohuwar mota ke tara tabon hannaye. Kowane mai gyaran waya ya yanke nan ya ɗaura can ya naɗe da leda, har a wayi gari ba wanda ya san wace waya ke zuwa ina. Fiyus in ya ƙone yana nufin wani abu ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Maye gurbinsa da zaren waya ko takardar kwalin sigari shi ne yadda motoci ke kamawa da wuta a gefen titi. Kan batir da ya yi farin gari, ruwan zafi da burushi sun ishe shi, a fara cire waya mai alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Ƙaramar mitar auna wuta za ta nuna wajen 12.6 in batir ya cika mota na kashe, kusan 14 in injin na aiki. In bai hau ba, matsalar caji ce, sayen sabon batir asara ne.

Kayan aikin da gida ke buƙata ba su da yawa: sifana mai lamba 10, 13, 17 da 19, filaya, sukundireba, jak mai lafiya, ma'aunin iska, tocila. Da su za a iya juye, canza filta da fulogi da ƙwan fitila da robar wayfa. Amma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti yana farfashewa ba sallama, sai ƙafar ƙarfe ta musamman ko katako mai kauri. Tsohon man da aka juye kuma a tara shi a galan, akwai masu saye. Zuba shi a kwata yana ƙarewa ne a rijiyar unguwa.

Kayan gyara kashi uku ne a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna: sabo na gaske, 'yan Beljiyam da aka kwanto daga wata motar, da sabo na jabu mai kyan kwali. Ƙarfe da ba ya saurin mutuwa, irin su giyabos, kik, altaneta, ƙofa ko fitila, na Beljiyam sau da yawa ya fi. Amma duk abin da ke da roba ko yake cinyewa, bel, bututun ruwa, bushin, takalmin birki, a sayi sabo mai suna, don na gwanjo tsufansa ɗaya da wanda aka cire. Araha ba ta ado, balle ga aikin da kuɗin hannunsa ya fi kuɗin kayan.

A yi wa makanikai adalci. Da yawansu da kunne da hannu kawai suke rayar da motocin da masu ƙera su suka daɗe da mantawa da su. Kuma rabin aikin banza da ake zarginsu da shi, mu muke roƙa. "Malam, lallaɓa min ita ta kai ƙarshen wata." Shi kuma ya ce, "To Yallaɓai, za a lallaɓa, amma kada a yi nisa da ita." Ƙarshen wata ya zo, kuɗin makaranta ya taso, lallaɓawar ta zama gyara na dindindin. Abin da ya fi shi ne mutum ya tsaya ga bakanike ɗaya da ya san motar, ya biya shi kuɗin gano ciwo ko da bai kwance komai ba, ya nemi a nuna masa abin da aka cire. In aka ce masa sai an canza injin, ya nemi a fara auna matsin silinda, don injin Beljiyam ɗin da za a ɗauko ma ba wanda ya san shekarunsa. Sannan ya ajiye littafin makaranta mai ganye 40 a aljihun mota, ya riƙa rubuta rana da abin da aka canza da kuɗinsa. Bayan shekara ɗaya littafin zai nuna masa abin da ke maimaita kansa, ranar sayarwa kuma zai ƙara wa motar daraja.

Littafin ne ma zai amsa tambayar rabuwa. Mutane kan ce ba za su kashe dubu ɗari uku a motar da ba ta fi miliyan biyu ba. Lissafin bai cika ba, don abin da ya kamata a auna da shi shi ne kuɗin wadda za ta maye gurbinta, wadda ita ma tsohuwa ce, da nata ciwon da ba a sani ba tukuna. Injin, giya, kuloci, shokozoba, duk ana canza su motar ta dawo. Abin da ba ya dawowa uku ne: tsatsar da ta ci ƙasan mota da wuraren da ƙafafu ke ɗaure, gangar jikin da haɗari ya karkata har taya ba ta cin daidai, da wayoyin da aka sassare har ba su da asali. Kuma duk kulawar duniya ba za ta ba motar 1995 kariyar motar yau ba in aka yi karo. Fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, buhuna a but, gudu 140 a hanyar Funtuwa, wannan ba abin da aka ƙera Golf ta ɗauka ba ne ko tana sabuwa.

Saboda haka wanda ƙasan motarsa ke da lafiya, jikinta bai karkace ba, wayoyinta ba su zama tsumma ba, ya riƙe ta, ya mayar mata da tamostat ɗinta, ya fara ware mata wani abu kowane wata kafin ta nema. Wanda ya ɗaga kafet ya hango kwalta kuwa, ya sayar wa masu kwance kaya, kada ya yi mata fenti ya miƙa wa wani mai iyali.